Sunan Kare a Tatsuniya da a Zaman Yau da Kullum

Bahaushe ba ya yanka wa kare ragon suna, amma ba ya barin sa haka kawai babu abin kira. Wannan laƙabi da ake ba kare, wanda mutane da yawa ke ɗauka abin wasa, ya cancanci ɗalibin harshe ya tsaya ya nazarce shi, musamman a wuri irin Illo da ke ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Illo tsohon zango ne na fataken da ke ratsa ƙasar Bargu su nufi Gwanja sayen goro, kuma har yau ana jin Busanci da Kyanganci da Dandanci da Fulatanci da Hausa a yankin, ga kuma Faransanci a tsallaken iyaka. Inda harsuna suka haɗu haka, kalma ɗaya kan zama wasa a kunnen wani, ta zama zagi a kunnen maƙwabcinsa.

A tatsuniya dai sunan kare aiki yake yi. Akwai sanannen labarin nan na maharbin da dodo ko mayya ta kora har ya hau bishiya, ana saran gindinta, shi kuwa yana kiran karnukansa daga nesa. Sunayen sukan bambanta daga bakin wannan mai tatsuniya zuwa wancan, amma ƙirarsu iri ɗaya ce: Sha-jini, Karya-ƙashi, Share-fage. Idan karnukan suka iso, kowanne abin da sunansa ya faɗa shi yake aikatawa, har na ƙarshe ya share wurin tamkar ba a yi komai ba. Ke nan tun a kiran farko an riga an shaida wa yaro mai sauraro yadda labarin zai ƙare, ba tare da ya lura ba. Ta fuskar ƙirar kalma, waɗannan harɗaɗɗun sunaye ne da aka gina da aikatau da karɓau, irin ginin da ya samar da hana-salla. Malamin da ke neman misalan harɗantawa ba ya buƙatar ƙagowa. Ga su nan a bakin kakanni.

A zahiri ma akwai sunaye masu bayyana kama, kamar Duna ga baƙin kare, da masu nuna burin maigida, kamar Zaki ko Damisa ga karen farauta. Amma mafi armashi su ne na habaici, irin su Ba-ruwanka da Bar-su da Ƙyale-su. Matar da ke da kishiya, ko magidancin da maƙwabci ya sa wa ido, zai tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya ya kira karensa, saƙo ya isa inda aka aike shi, kuma babu mai ikon kai ƙara wurin mai unguwa. Ai kare aka kira. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, sai dai hikimar a nan ita ce an huce haushi ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

Wannan iyaka ita ce muhimmiya. Al'ada ta yarda a yi habaici da sunan kare, amma ba ta yarda a ɗauki sunan yanka na mutum a liƙa masa ba, domin galibin sunayen nan na annabawa ne da sahabbai da magabatan malamai. Ba don ana ƙin dabbar ba ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma an ambaci karen Ashabul Kahfi a Alƙur'ani, ko da yake sunan Ƙiɗmiru da aka san shi da shi daga littattafan tafsiri ya fito. Abin da ya faru a Sango Ota ta jihar Ogun a watan Agusta na 2016 ya nuna nauyin lamarin. An kama wani ɗan kasuwa saboda ya sa wa karensa suna Buhari, bayan wani maƙwabcinsa, wanda sunan mahaifinsa ke nan, ya kai ƙara. Mai karen ya ce ƙaunar shugaban ƙasa na wancan lokaci ce ta sa shi, kuma kotun majistare ta kori ƙarar a 2017. Kai irin wannan magana gaban 'yan sanda ya yi tsanani, dattawan unguwa sun isa su kashe ta. Amma waɗanda suka yi ta dariya suna cewa a Amurka da Ingila karramawa ce a ba kare sunan wanda ake so, sun manta cewa ma'anar suna tana hannun al'ummar da ke jin sa.

Abin takaici shi ne yadda Bingo da Jak da Taiga ke korar sunayen gida, har a littattafan yara da aka rubuta da Hausa. Aron kalma ba laifi ba ne, harshe da aro yake rayuwa. Sai dai Bingo ba ya faɗa wa yaron Illo komai, alhali Ba-ruwanka jimla ce sukutum mai ɗauke da labarin wani gida. Marubucin da ya zaɓi na farko ya zubar da dabarar da mai tatsuniya ya bar masa kyauta.

Ɗaliban kwalejojin ilimi da ake turawa koyon aikin koyarwa a Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje suna da damar tattara waɗannan sunaye daga bakin maharba da tsofaffi, su rubuta kowane suna da harshen da ya fito da dalilin raɗa shi, sa'annan su kwatanta da na Busawa da Dandawa.