Ilmin Mantiƙi Ba Baƙo Ba Ne

Akwai waɗansu mutane, da sun ji an ambaci ilmin mantiƙi sai su ɓata fuska, su ce ai wannan kayan Turawa ne, ba ya koya wa mutum kome sai gardama. Wannan zance ba shi da tushe, kuma masu yinsa galibi ba su taɓa buɗe littafin mantiƙi ba.

Gaskiya ne Aristatalis, mutumin Yunan, shi ya fara tsara ƙa'idodinsa. Amma malaman Musulmi sun karɓe shi tun da daɗewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauke shi ma'aunin ilmi. Shehu Magili kuwa, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar a kansa: Suyuɗi yana hanawa, Magili yana kāre shi. Ashe gardamar ta girmi zuwan Turawa da shekara ɗari huɗu.

To, mene ne abin tsoron? Mantiƙi awon magana ne, kamar yadda mudu yake awon hatsi. Maganar da za a iya ce mata gaskiya ko ƙarya ita ake kira ƙaziyya. In an jera biyu don a fitar da ta uku, biyun nan su ne muƙaddima, ta ukun natija, ginin duka kuwa ƙiyasi. Misali: kowane tsuntsu yana yin ƙwai, balbela tsuntsu ce, saboda haka balbela tana yin ƙwai. Wannan gini ya tsaya.

Amma ga wani: kowane tsuntsu yana yin ƙwai, kada yana yin ƙwai, saboda haka kada tsuntsu ne. Muƙaddima biyun nan duk gaskiya ne, natija kuwa ko yaro ya yi mata dariya, gama ba a ce duk mai yin ƙwai tsuntsu ne ba. Da yake zancen kada ne, ɓarnar a fili take. In aka sauya masa riga fa? Ɓarayi suna yawon dare. An ga wane yana yawon dare. Saboda haka wane ɓarawo ne. Ginin ɗaya ne da na kada, amma da shi ake tara jama'a a kan baƙo, a yi masa dūka, wata rana har a rasa rai, alhali maganin ɗansa ya fita nema.