Kwamfutar araha: shawarar Turai, wutar Nijar

Duk wanda ya tara kuɗinsa wata da watanni don ya sayi kwamfuta, ɗalibin jami'a ne ko sakataren wata ƙungiya ko mai shagon buga takardu, ba ya rasa masu ba shi shawara. Wannan ya ce HP, wancan ya rantse da Dell ko Lenovo, wani kuma ya ce in dai an ga tambarin Core i7 manne a jikinta, a biya ba ciniki. A 'yan shekarun nan wata sabuwar shawara ta shigo daga ƙetare: a bar kwamfutar tafi-da-gidanka, a sayi ɗan ƙaramin akwatin nan da bai fi tafin hannu ba, wai ya fi araha kuma ya fi ƙarko.

Masu wannan ra'ayi ba ƙarya suke yi ba. Tun da Raspberry Pi ta fito a 2012 kan dalar Amurka 35, ƙananan kwamfutoci sai ƙara ƙarfi suke, kuma waɗanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel N100, wadda ta fito a 2023, suna isar mai rubuta wasiƙu da lissafi da shiga intanet, ba sa kuma shan wuta sosai. Sai dai mutumin da ke yabon su daga Paris ko Landan bai san abin da ake kira ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ba. Akwatin nan ba shi da batir. Wuta na tafiya sai ya mutu nan take, tare da duk abin da ba a adana ba. Ba shi da allon kallo, ba shi da allon haruffa. Sai an saye su daban, a haɗa da na'urar riƙe wuta, wadda ita ma batirinta ba ya daɗewa cikin zafin watan Afrilu da Mayu. In an tara lissafi, arahar ta gudu. Ba a manta ba yadda garuruwa suka kwana cikin duhu daga watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa NIGELEC, har zuwa Maris na 2024. A irin wannan ƙasa batirin tafi-da-gidanka shi ne rabin darajarta. Inda akwatin ke da hujja shi ne ofishi ko makarantar da ta riga ta kafa faifan hasken rana da batura.

Amma wannan ba ya wanke 'yan kasuwar gwanjo, domin a nan ne aka fi cutar talaka. Tambarin Core i7 shi kaɗai ba ya nuna komai in ba a dubi lambar da ke biye da shi ba. i7-3520M ta 2012 ce, zubi na uku. I5-8250U ta 2017 ce, zubi na takwas, kuma ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba, duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Mai saye da bai san haka ba yakan biya tsada don ya ɗauki tsohuwa. Abin ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba na 2025, da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar mafi yawan injunan Intel da suka girmi zubi na takwas. Kamfanonin Turai da Amurka suna sauke irin waɗannan injuna, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san tashoshin ruwan da kwantenonin za su nufa. Tsohon injin yana iya ci gaba da aiki da Linux, amma mai shago nawa ne ke faɗa wa ɗalibi haka kafin ya karɓi kuɗinsa?

Akwai kuma zancen allon haruffa, wanda ake raina shi sai an kai gida. Kayan da suka biyo ta Kano ko Dubai galibi QWERTY ne, ba su da é da è da ç, alhali takardun da za a buga da Faransanci ne. Ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kuwa, babu allon da ya san da zamansu, ko AZERTY ko QWERTY.

Haƙƙin mai saye ne a kunna masa injin, a cire shi daga wuta, a bar shi ya yi awa guda a gabansa, a kuma rubuta masa lambar ƙwaƙwalwar da kwanakin garanti a kan takardar shaidar biya. Ɗan kasuwar da ya ƙi wannan ya riga ya faɗi abin da ke cikin kwalinsa. Ƙungiyoyin kare masu saye, da ake jin muryarsu kan farashin shinkafa da siminti, har yanzu ba su leƙa waɗannan shaguna ba yadda ya kamata.