Lugga Bai 'Yanta Bayi Ba, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce Gwamna Lugga ya kashe bauta a Arewa tun 1901, don haka masu tada maganar yanzu neman fitina suke yi. Haba Malam! Ka koma ka duba dokar.

Gwamnatin Lugga ta hana farautar bayi da cinikinsu, dokar 1901 kuma ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne. Iyayensa fa? Suna rinji suna noma gandun ubangijinsu. Mai son 'yanci sai ya riƙa biyan murgu, ya tara kuɗin fansa, ya je gaban alƙali a ba shi takarda. Turawa sun ji tsoron kada rinjoji su watse, noma ya tsaya, haraji ya karye, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su juya musu baya. Sai a 1936 aka haramta bauta ɗungurungum, bayan shekara 35 ana jan ƙafa. Ƙwaraƙwarai kuwa, kau da kai aka yi.

Ka nemi labarin Baba ta Karo, mutuniyar ƙasar Zazzau, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ka ji zancen rinjin gidansu da satar mutane daga bakin wadda ta gani.

Ka kuma ce abin ya wuce. A nan Tudun Wada, in yaro ya zo neman aure, dattawa kan tura a binciko asalinsa. Har yau akwai gidajen da in suka ji kakansa bawa ne, sai su mayar da kayan na-gani-ina-so, su ce yarinya karatu za ta ci gaba.