Ra'ayinmu: Wuƙa, Leda da Tawada

Har yanzu akwai masu cewa aikin mai zane shi ne ƙawata falon attajiri, siyasa kuwa a bar wa 'yan siyasa. Mu ba mu yarda da wannan ba, hujjarmu kuwa tana cikin tarihin wata baƙar fata 'yar Amurka, Elizabeth Catlett.

A shekarar 1946 wannan baiwar Allah ta tafi birnin Meziko, ta shiga wata ƙungiyar masu zane da aka kafa tun 1937 don yi wa ma'aikata da manoma hidima. Sana'ar tasu ba ta bukatar jari mai yawa. Mutum zai sami katako ko ledar ɗaki mai kauri, ya sa wuƙa ya sassaƙe duk inda yake so ya fito fari, ya shafa tawada a kan abin da ya saura, sa'an nan ya danna takarda, tamkar hatimi. Allo guda sai ya haifi hoto ɗari, a manna a bango, a raba a wurin taro. Zanen fenti kuwa ɗaya ne tak, wanda ya fi kuɗi shi ke ɗauka ya kulle a gida.

Da wannan dabara Catlett ta fitar da hotuna 15 tsakanin 1946 da 1947 a kan matan baƙar fata. Ga mai goge daɓen gidan wasu, ga mai aikin gona, ga Harriet Tubman tana nuna wa bayi hanyar tsira, ga kuma gawar mutumin da aka rataye, igiya a wuyansa. A 1952 ta sassaƙa fuskar wata tsohuwa mai noma gonar wani a raba amfani, da malafa a kanta, ta ɗaure rigarta da fil. Ba mu musa cewa wasu hotunan siyasa ihu ne kawai ba, amma duk wanda ya dubi wannan fuska ya san hannun gwana ne ya yi ta.

In da zane ado ne kurum, me ya tsorata hukuma? A zamanin farautar 'yan kwaminis, gwamnatin Amurka ta sa wa Catlett ido, ta hana ta shiga ƙasar haihuwarta. Ta zama 'yar Meziko a 1962. Sai a 1971 aka ba ta biza don ta halarci baje kolin ayyukanta a Harlem, ba a kuma mayar mata da 'yancinta na 'yar Amurka ba sai 2002, shekara 10 kafin mutuwarta.