Ku Cire Ni, Na Gode

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a rumfar gwaggona a Grand Marché, babbar kasuwar Njamena, sai na ga an cire ni daga wani zauren marubuta na WhatsApp. Laifina, kwana bakwai ban yi sharhi a kan littafin shugabar zauren ba. Dokar tana nan tun ranar da na shiga: duk wadda ta karanta ta yi shiru, a waje za ta kwana. To na kwana a waje, kuma wallahi na jima ban yi barci mai daɗi irin na daren ba.

Bari in yi muku lissafi, tunda a kasuwa nake. Ina fita gidan rediyo da asuba, in gabatar da shirina, in dawo ga girki ga yara. Abin da ya rage nawa na kaina bai wuce awa biyu ba bayan Isha'i, shi ma in akwai wuta. A cikin awa biyun nan nake so in zama marubuciya. Amma zaure tara nake ciki. Kowanne in na buɗe, saƙonni ɗaruruwa ne ke jirana: gaisuwar safe, barka da Juma'a, wance ta haihu, wance ta saci labarin wance, sai shafi na arba'in da bakwai na littafin da ban karanta na farkonsa ba. Kafin in gama rabon "Allah ya ƙara basira" gida-gida kamar mai rabon goron ɗaurin aure, sha ɗaya ta yi, data ta ƙare, ni kuwa ko layi ɗaya ban rubuta ba.

'Yan uwana na Kano da Kaduna, ku yi haƙuri, ba ku san tsadar data a Chadi ba. Nan sai mutum ya auna kafin ya buɗe hoto. In kuma aka ce littafi na kuɗi ne, a tura naira ta banki ko katin waya, ni mai riƙe da sefa sai na nemi ɗan kasuwa mai hulɗa da Maiduguri ya biya mini. Duk wannan wahala don a ce da ni 'yar gari.

Ga abin da nake jin nauyin faɗa. Daga watan Maris na 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida, an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar nan. Ban yaba toshewar ba, ba kuma zan yaba ba. Ta cuci 'yan kasuwa, ta cuci mu 'yan jarida. Amma littafi ɗaya tilo da na taɓa kai wa ƙarshe, a watannin nan na rubuta shi, da biro, a littafin makaranta. Tun da aka buɗe, na fara biyar, babu wanda ya wuce babi na shida. Kowa ya fassara yadda ya ga dama.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne. Zaurukan nan sun ba mata da yawa abin da maɗaba'a ba ta ba su ba. Yarinya tana ɗakinta a Gusau ko Damagaram, ba ta san kowa ba, ta rubuta a waya, dubbai su karanta, har ta sami na sabulu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin zaratan da ke cikinmu. Ni ma a can na koyi inda ake sa waƙafi. Ban zo in zagi rijiyar da na sha ba. Rigimata da abu guda ce: mun mayar da sharhi biki, na yi miki ki yi mini. Ba a karantawa, ana dai biyan bashi. Na taɓa gwadawa, na saka shafi da gangan wanda a farkonsa jarumar marainiya ce, a ƙarshensa tana waya da mahaifinta. Sharhi sittin da wani abu, duk yabo. Ko mutum ɗaya bai ce uffan ba.

Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936, littafi uku cikin kusan wata shida, ba da masu tafi dubu ba. Mai karatu ɗaya gare shi mai tsanani, Rupert East, wanda ke bin aikin yana gyara. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da suka yi tafiyar ƙungiyar Raina Kama a Kano, ido da ido suke haɗuwa, wanda zai soki aikinka yana ganin fuskarka. Mu kuwa mun tara jama'a mun rasa mai faɗa mana gaskiya.

Amma babbar asarar ba a waya na gane ta ba, a rumfar nan ce. Watannin baya wata tsohuwa ta zo sayen atamfa, ta zauna tana ba gwaggona labarin kakanta. Ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, lokacin ana ce wa garin Fort-Lamy. Ya ce bari ya yi ɗinkin hula shekara ɗaya ya tara, sai ga aure, sai ga 'ya'ya, har ya rasu jakar tafiyarsa tana rataye bai kwance ta ba. Iyakar abin da na tsinta ke nan, domin kaina na sunkuye ina yi wa wata sharhi a kan attajirin Abuja da ya auri mai aikinsa. Da ta tashi, Gwaggo ta dube ni.

"Ke 'yar nan, kullum kina cewa labari kike nema. Ga shi ya zo har ƙafarki ya zauna, kin bar shi ya tafi."

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ina ne gidanta?"

"Na sani? Kasuwa ce."

Ban sake ganinta ba. Irin labarin nan, na Hausawan da hanyar hajji ta ajiye a Chadi da Sudan, wa zai rubuta in ba mu ba? Wa zai rubuta yadda ake fara ciniki da Larabcin Chadi, a yi faɗa da Faransanci, a shirya da Hausa? Ko yadda mata ke tsallaka gadar Ngueli zuwa Kuseri su dawo da kaya kafin azahar? 'Yar Kano ba ta san shi ba, ba kuma laifinta ba ne. Mu da muka sani muna can muna kwaikwayon gidajen Maitama da ba mu taɓa gani ba, don shi ne ke kawo sharhi.

Saboda haka sauran zauruka takwas ɗin ban jira an kore ni ba, na yi sallama na fita. Wasu sun bi ni ta gefe suna tambayar ko an ɓata mini rai, wata ta ce girman kai ne na 'yan rediyo. Na riƙe mutum uku: wata malama a Maraɗi, wata nas a Zariya, da wani tela a nan kasuwa wanda bai iya yabo ba ko na sisi. Duk daren Alhamis kowa ya kawo shafi biyar. Makon jiya telan ya ce babina na biyu ba shi da gishiri, in sake. Na ji haushi ƙwarai. Yau da dare in an kawo wuta, shi zan sake.