Ra'ayinmu: Tsarabar Ƙanwa

Hutu ya gabato, kowa na harhaɗa tsaraba. Muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, musamman masu komawa garuruwan bakin iyaka irin su Mazanya ta ƙasar Jibiya, da su sa littafi cikin tsarabar ƙannensu mata. Yarinya 'yar shekara 10 zuwa 12 tana kan mararraba: ko karatu ya shiga ranta, ko farantin talla ya raba ta da makaranta. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, wane littafi? A fara da na gida. Wadda ta tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba za ta yi baƙunta ba a Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya wallafa a 1934. In ta ƙware, a miƙa mata Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda yaro Kilba ya ziyarci sararin samaniya. Daga nan za ta soma tambaya kan wata da taurari, tambaya kuwa rabin ilmi ce.

Sai dai jaruman littattafan nan maza ne. Wadda ta iya Turanci a nemo mata Zahrah the Windseeker na Nnedi Okorafor, na 2005, labarin yarinya mai tashi sama. Irinsa na Hausa kuwa, alhakin rubuta shi yana wuyanmu.

Sharaɗi guda: ka karanta kafin ka bayar, domin in Baba ya tambayi abin da ke ciki, ka sami amsar ba shi.