Lambun Gida: Aikin Bazara Kafin Saukar Damina

Ga shi hunturu ya naɗe tabarmarsa, bazara ta kankama a birnin Bauchi, har iskar da ke tasowa daga Dutsen Tanshi da tsakar rana ta zama kamar hucin murhu. Littattafan lambu na Ingila sukan ce a soma gyaran fili idan ƙanƙara ta narke. To, mu a nan ba sanyi ke kashe mana fure ba, ƙishirwa ce. Saboda haka lokacin shirinmu shi ne watan Maris da farkon Afrilu.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan lokaci shi ne hayaƙin da ke tashi daga gidaje da maraice, tun daga Fadaman Mada har zuwa Yelwa. Mutum zai share ganyen mangwaro da na dogon yaro da iskar hunturu ta kakkaɓe, ya tara ya cinna masa wuta, sa'an nan bayan wata biyu ya tafi kasuwa neman takin zamani da tsada. Alhali kuwa ƙasar yawancin gidajenmu jigawa ce mai tsakuwa, ba ta riƙe ruwa, kuma babu abin da ke gyara ta kamar ruɓaɓɓen ganye. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 a inuwa, nesa da bangon ɗaki saboda gara. A shimfiɗa ganye, a bi shi da kashin awaki ko na tumaki, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a yi ta maimaitawa har ramin ya cika. Idan ana juya shi bayan kowane mako 2, ba a kuwa bar shi ya bushe ba, cikin wata 3 zai zama baƙar ƙasa mai laushi. Ɗanyen kashin kaji kam kada a kai shi gindin fure, ƙone saiwa yake yi.

Amma fa a sa takalmi, a fara tona tarin ganye da sanda kafin a kai hannu. Kunama da kububuwa suna son irin wannan maɓoya, kuma ba banza ba asibitin Kaltungo, wanda ke cikin Jihar Gombe tun 1996, ya yi suna wajen maganin saran maciji.

Sai sassabe. Furen nan mai ƙaya mai kama da takarda, watau bogambiliya, da rani yake ado. A bari ya gama zubar da furensa kafin a rage masa rassa. Shingen lalle a daidaita shi yanzu, rassan da aka yanke masu ƙwari kuma a kafa su a tukunya a inuwa, za su kama.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen tsari. Bauchi takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Wanda ya tsara lambunsa da lissafin watan Agusta, lalle zai sha kunya a watan Maris, sa'ad da famfon da ke zuwa daga madatsar Gubi bai isa kowace unguwa kullum ba, jarkar 'yan ga-ruwa kuma ta yi tsada. Maigida ya tambayi kansa bokiti nawa zai iya bayarwa kowace rana da rani, ya shuka daidai da haka. Masu son ruwa, irin su wardi, a haɗa su wuri guda kusa da inda ake alwala. Can wajen ƙofa inda rana ke duka a sa kariya, wadda ke fure ja da rani ba tare da wani ban-ruwa mai yawa ba. Sai dai ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da wurin wasan yara da turken awaki.

Daɗin daɗawa, kada yayyafin Afrilu ya ruɗi kowa. Sau da yawa yakan sauka ya ɗauke har mako 2 ko 3, dashen da aka yi cikin gaggawa ya ƙone. A yi renon iri a tukunya tukuna, a dasa idan ƙasa ta jiƙu sosai, galibi ƙarshen Mayu ko farkon Yuni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake hana sauro hayayyafa a tukwanen fure.